Kuskuren Dattijo

Baure, ranar Litinin

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna, da fatan gida lafiya. Yaya idon? Na san za ka ce da sauƙi, haka kake cewa tun bara. Tunda ka ƙi jinin waya, ga takarda ta hannun direban Daura, ƙanwata Sadiya ta karanta maka. Babbar rigar da ka ɗinka wa mijina Ikrima ta iso. Yana godiya, ya ninke ta ya ajiye a akwati.

Baba, 'yarka ta tono abu! Ka san ina koya wa ɗalibaina rubuta wa kwamfuta umarni. Akwai wata manhaja da ake kira kompaila, ita ce tafintan da ke juya rubutunmu zuwa abin da na'ura ke ganewa. Wadda muke amfani da ita ba ta kamfani ba ce, aikin gayya ce. Mutane daga ko'ina a duniya ke gina ta, duk wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke.

To, mun rubuta umarnin haɗa makin jarrabawa, kullum sai makin ɗalibar ƙarshe ya ɓace. Na bi aikin yaran layi-layi, ba laifinsu. Ashe tafintan ne, garin sauri yake tsallake na ƙarshe. Na gano wurin, na gyara a kwamfutata, maki ya dawo. Wallahi sai da na rangaɗa guɗa, Ikrima ya fito a guje ya zaci kunama ce.

Abin da ya dame ni, wanda ya rubuta layin nan shi ne dattijon da ya kafa aikin. A hotonsa kansa fari fat, ya girme ka. Ta yaya zan dubi wannan in ce ya yi kuskure? Ga shi ƙarshen wata za su fitar da sabuwar manhajar, in gyarana bai shiga ba, haka za ta ci gaba da cinye wa mutane lissafi. Na dai rubuta masa cikin ladabi, yadda ka tarbiyyantar da mu. A taya ni da addu'a.

'Yarka,
Rabi'atu

Baure, ranar Asabar

Baba,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zafin nan bai takura muku ba, kuma Inna ta warware daga murar.

An rufe maganata, Baba. Dattijon ya amsa da layi ɗaya tak, wai ya gode da yabo, amma bai ga inda aka ce akwai matsala ba. Ko gaisuwata bai amsa ba! Raina ya ɓaci ƙwarai, na wuni ina cewa mutanen nan ba su da tarbiyya.

Da Ikrima ya karanta abin da na aika, dariya ya yi har da riƙe ciki. Na fara da tambayar iyalin dattijon, na yabi aikinsa, na ce ni ƙaramar malama ce daga ƙauye, wataƙila idona ne bai gani daidai ba, wataƙila kwamfutata ce ta tsufa. Gyaran kuwa na cusa shi can ƙasa kamar mai ɓoye kayan sata. Ikrima ya ce ko shi da ya san zancen bai gane an yi ɓarna ba. Na harare shi, amma gaskiyarsa.

Yau na sake rubutawa. Na ce layi kaza kuskure ne, ga misalin da ke nuna haka, ga gyara, ga gwajin da zai hana shi dawowa. Da na tura, sai na ji kamar na ɗaga murya a zaurenka gaban baƙi.

'Yarka,
Rabi'atu

Baure, ranar Alhamis

Babana,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina kuma tafe da albishir. An karɓa! Gyarana ya shiga, sunana na cikin waɗanda suka yi aikin: Rabi'atu Sha'aban Daura. Sunanka ke nan, Baba, daga shagonka na bayan Kusugu har ƙasashen da ban san sunansu ba. Duk wanda ya sauke manhajar nan, da zarena a ciki. Ina alfahari, ba zan ɓoye ba. Ɗalibaina sun cika aji da tafi har shugabar makaranta ta leƙo.

Amma amsar dattijon ce ta tsaya min a rai. Ya ce kuskuren ya yi shekaru a wurin, kuma ya tabbata wasu sun gani sun yi shiru don ganin girmansa. Ya ce waɗannan ba su taimake shi ba, ni ce na girmama aikinsa.

Sadiya, abin da ke tafe ki karanta shi yadda na rubuta, kada ki tsallake ko kalma.

Baba, aikin wuyan rigar Ikrima ya karkace, zaren ma kala biyu ne, shi ya sa take akwati. Ba ita kaɗai ba. Inna tana warware ɗinkinka ta maimaita in ka tafi masallaci, masu kawo aiki kuma sun ragu, kowa na cewa kasuwa ce. Ba kasuwa ba ce, idonka ne. Duk mun sani tun bara, kunya ta hana mu faɗa. A duk Daura babu hannu irin naka, ba zan zuba ido ya lalace saboda yanar da likita zai iya cirewa ba.

Ranar Litinin ina nan tafe da safe mu je asibiti. In za ka yi min faɗa, ka yi min a mota.

'Yarka mai ƙaunarka,
Rabi'atu