Kiri-Kirin Ijja Ta Ƙi Zama a Kan Dutse

Lalla Zuhur, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan buɗe wa cikina. Shekara goma sha tara ina kula da filin ƙwallon garinmu a duwatsun Atlas, inda dusar ƙanƙara kan rufe layin fili wata uku. Yanzu kwamiti ya ce in bazara ta zo filin bai yi kore ba, za su shimfiɗa ciyawar roba. Roba kuwa ba ta son ruwa, ba ta son aski, balle tsoho irina.

Abin da ban gaya wa kowa ba ke nan. Matata Ijja 'yar Tarudant ce, ƙasar zafi da lemo. Da ta rasu shekara huɗu da suka wuce, can muka kai ta. Da zan dawo sai na cika buhu da saiwar ciyawar kiri-kirin tsakar gidansu, na dasa a filin. Da rani ta yi kyau har mutane suka riƙa tsayawa kallo. Sanyi na sauka ta koma kamar tsohuwar tabarma, gaban raga kuma ya zama taɓo. Duk shekara sai in hau mota in sake ɗebo wata, in ce wa kwamiti irin ciyawar da suka saya ne marar kyau. Buhunansu na nan a ɗakin ajiya, ko zare ban kwance ba.

'Yan wasa suna tsokanata, wai Baba Assu ya shuka katifa, sai in yi dariya. Wallahi tsokanar nan ce kaɗai maganar da ake yi da ni a mako. 'Ya'yana suna Faransa. Har yau kofi biyu nake zuba shayi, sai na zuba nake tunawa. In na tuge ciyawar, ji nake kamar na sake rufe Ijja. In na bar ta, na rasa filin. Yaya zan yi?

Mai gadin fili

Baba mai gadin fili, Allah Ya jiƙan Ijja. Ban ga hauka a abin da ka yi ba, kewa ce. Amma gaskiya ɗaya ce: kiri-kiri ciyawar zafi ce. Sanyi kaɗan yakan sa ta barci, irin naku kuwa kashe ta yake yi, musamman inda ake tattakawa. Ko buhu ɗari ka kawo, haka za ta yi maka.

Kwamitin ma yana da hakki. Sun ba ka amana, kuma a taɓon nan ƙafar ɗan wani za ta iya karyewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka sami shugabansu kafin su shiga ɗakin ajiya da kansu, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini.

Sannan ka kwance buhunan irin da kwamitin ya saya. Iri ya tsufa, don haka ka gwada ɗan kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma ka ga ko zai tsiro. Abin da kake nema gaurayen ciyayin ƙasar sanyi biyu ne: raigira mai saurin fitowa da jure tattaki, da fetuk mai doguwar saiwa. Ka shuka da zarar ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki, ka ƙara a farkon kaka, kuma ka hana taka fili in raɓa ta daskare. Kada ka yi shukar kai kaɗai. Ka kira masu tsokanar nan su riƙe maka manjagara, ka dafa musu shayi.

Kiri-kirin kuma ka ɗebi kaɗan a tukunya, ka kai ta ɗakinka kusa da taga. Ba Ijja ce ta kasa zama a garinku ba, Baba. Ita ta jure sanyinku har ƙarshen ranta, saboda kai. Allah Ya ba ka haƙuri, Ya sa filin ya yi kore a hannunka.

Lalla Zuhur