Igiyar Don Crisanto Ta Zauna a Wuyan Canela

Génova, 9 ga Oktoba

Zuwa ga yayana Heriberto,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya sa sanyin Madrid bai takura maka ba. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kaji faɗa. Kofi kuma ya nuna jawur.

Yaya, albishirinka! Kada ka aiko da kuɗin nan, ka sayi tikitinka na Kirsimeti. Alfadararmu Canela ba ta zuwa ko'ina. Ka san saura peso miliyan biyu da dubu ɗari uku Don Crisanto, wanda ya sayar mana da ita, yake bin mu na kuɗinta, ya kuma rantse in wata ya ƙare zai kwance abarsa. Ni da ba ni da abin sauko da buhunan kofi daga kan tudu sai ita, wallahi barci ya ƙaurace mini.

To, ƙarar da ya kai mu a kan rikicin hanyar rafi ta faɗi, alƙali ya ce ya biya mu kuɗin da muka kashe a shari'a, miliyan biyu da dubu ɗari uku da arba'in. Na ce wa lauyarmu Doktora Yolima wannan mutumin ko kyankyaso ba ya ci a gidansa, sai mu tsufa muna jira. Ta yi dariya, ta ce ai tunda yana bin mu muna bin sa, bashi ne zai cinye bashi. Ta rubuta wa kotu, alƙali ya sa hannu.

Ranar Asabar sai ga dattijon da sabuwar igiya fil, wai ya zo tafiya da alfadara. Na ba shi kujera da kofi, na miƙa masa takardar. Sau uku ya karanta yana goge tabarau. Ya ce yau duniya ta juya, mai bi ya koma abin bi. Mama ta leƙo ta ce masa, kompadre, wato aminin gida, garin neman gira ake rasa ido. Ya laluba aljihu, babu cikon dubu arba'in. Gaskiya sai ya ba ni tausayi, abokin Baba ne fa. Na ce ya bar igiyar kawai a madadin cikon, mun rabu lafiya. Sai ya tashi da kansa ya ɗaura wa Canela, yana gunaguni wai ni ban iya ƙulli ba. Bai tafi ba sai da ya sha miyar kaza kwano biyu.

Ka gaida Anti Nubia da su Duván da Maritza. Mama ta ce ka taho mata da man zafi. Ranar da za ka iso, Canela ce za ta ɗauko akwatinka daga bakin titi, da sabuwar igiyarta.

Ƙanwarka mai kewarka,
Ofelia