Maigidana da Ƙararrawar Makaranta

Zuwa ga ɗana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a nemanka, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan duk ƙalau muke, in ban da gwiwata da ta ƙi jin magani. Matarka tana nan lafiya. Ƙaramar 'yarka ta fara tsayuwa, tana kama ƙafar kujera tana janyo duk abin da hannunta ya kai. Jikana kuwa, Maigidana, ya ƙara tsawo har wandon makarantarsa ya koma kamar na aro. A kansa nake rubuto maka.

Matarka ta isar mini da saƙonka, cewa in an yi hutun nan kada a sake mayar da shi makaranta, a bar shi a gida tunda ba ya samun komai sai wahala. Na ƙi kiranka a waya don na san halina, in na buɗe baki da zafi ba daɗi za ka ji ba. Na kuma san inda maganar ta samo asali. Wancan zuwan naka da ka raka shi da kanka, aka buga ƙararrawa kuna bakin ƙofa, ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ihu yana cizon hannunsa, iyayen yara suka tsaya kallo. Na ga fuskarka da ka dawo. Kunya da tausayi ne suka haɗu maka, kuma ban ga laifinka ba. Amma kai sau ɗaya ka gani, ni kullum nake kai shi in ɗauko shi, don haka ka saurare ni.

Bayan tafiyarka aka ba ajinsu wata malama da ta yi karatun koyar da yara irinsa, masu buƙata ta musamman. 'Yar siririya ce, muryarta ko kaza ba za ta kora ba, har na ce a raina wannan ita ma sai an riƙe mata hannu. Ba ta fara da koya masa komai ba, kallonsa ta yi ta yi. Ta ɗauke bencinsa daga jikin taga. Ta shimfiɗa tabarma a lungun bayan aji ta sa labule, ta ce duk sa'ad da hayaniya ta yi masa yawa ya je can ya zauna, ba sai ya nemi izini ba. Ta manna hotuna a jere a bango, na littafi, na kofi, na ƙwallo, na jaka, don ya san abin da zai biyo baya. Wata rana ta tsayar da ni ta tambaye ni ko a gida ma yana tsoron ƙara. Na ce sosai, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya firgita. Ta tambaya in shi ne ya ɗauki cokali yana dukan tukunyar fa. Na ce ai wannan sai dai mu mu toshe kunne. Ta yi dariya ta ce abin da take son ji ke nan.

Bayaninta shi ne, ba ƙarar ce kaɗai ke gigita shi ba, zuwanta ne babu sallama. Ta ce ai mutum ba ya yi wa kansa cakulkuli ya yi dariya. Ka san ƙararrawar tasu, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a bishiyar bakin ƙofa, mai gadi ke dukansa da guntun rodi. Sai ta roƙi hedimasta a bar Maigidana ya riƙa bugawa, ya ce a gwada. Mai gadi ya ɓata rai, ya ce aikin da ya tsufa a kansa za a ba yaron da ko jin ƙarar ba ya iya yi. Amma shi ɗin ne ya ƙare yana naɗa wa rodin tsumma a wajen riƙo don kada ya ji wa yaron ciwo. Ni kuma na ɗinka masa hula mai rufe kunne, na cusa mata auduga.

Kada ka ɗauka abin ya tafi sumul. Da farko daga nesa yake tsayawa. In an tashi makaranta sai malamar ta je da shi ya taɓa ƙarfen da hannu kawai, su dawo. Da ya saba kuma, sai rannan ya je ya buga tun lokaci bai yi ba, yara suka ɓarke waje da gudu ana tsakiyar lissafi, malamai na bin su da alli a hannu. Wasu iyaye suka yi ƙorafi, wata har ta gaya mini a fuskata wai makaranta ba asibiti ba ce. Na ce mata gaskiyarta, shi ya sa ba magani na kawo shi sha ba. Malamar ba ta ja da baya ba. Ta rataye agogon bango a ɗakin mai gadi, ta ɗiga jan fenti a inda dogon hannu zai kai, ta nuna masa ba a bugu sai hannu ya taɓa ja. A jikin agogon nan ya koyi lambobi, abin da aka yi ta fama a allo ya gagara.

Ba zan yi maka ƙarya ba, karatunsa yana bayan na sa'o'insa. Har yanzu ba ya son haɗa ido da mutum, kuma akwai ranar da yakan wuni bayan labulen nan. Malamar ita kaɗai ce, ajin cike yake, wani lokaci nakan ga gajiya a idonta. Likita ma ya riga ya gaya mana halittarsa ce haka, ba ciwon da ake sha wa magani ba ne. Amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ɗan kwana biyu bai je ba. Ranar da na mayar da shi, muna isa yara suka taso suna murna wai mai ƙararrawa ya dawo. Ba wanda ya rungume shi, don malamar ta koya musu ba ya son a taɓa shi ba zato, hanya kawai suka buɗe masa. Mai gadi ya miƙo masa rodin da hannu biyu. Ya gyara hularsa, ya zuba wa agogo ido, ya ɗaga ya buga. A daidai wurin da ka gan shi kwance yana ihu, a nan ya tsaya da ƙafarsa, makaranta guda ta shiga layi saboda shi. Na juya baya na share hawaye da gefen mayafi, don kada mai gadi ya samu abin tsokanata.

Ni na haife ka, amma ban saba ƙetare maganarka a kan iyalinka ba, kuma ba zan kai shi a ɓoye ba. Sai dai hannuna ba zai iya karɓar rodin nan daga hannunsa ba. In har kana nan a kan bakanka, ka zo da kanka ranar da aka koma, ka tsaya a bakin ƙofar nan da safe ka ga an buga. In bayan nan zuciyarka ta ba ka, kai ka karɓa.

Ka gaishe mini da baffanka da iyalinsa, da ƙanwarka da maigidanta, ka ce mata na ji shirunta ya yi yawa. Matarka da goggonka suna gaishe ka. Na tambayi Maigidana me zan rubuta maka. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce a gaya wa Baba ya zo kafin hannu ya taɓa ja.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.