Zogalar Kawu Iliyasu

Litinin, 8 Janairu 2024
Kawu Iliyasu ya dawo daga Abijan da tsarabar Inna: kwalba shida ta korayen ƙwayoyi. Wai maganin ciwon daji ne. Ya ce a fasa zuwa Yamai ranar 18, kada likitoci su yanke ma ƙanwarshi nono. Baba ya ce to. To kawai!

Laraba, 10 Janairu
Ni kaɗai ke karanta Faransanci a gidan nan, amma babu wanda ya miƙo mini kwalbar. Na ɗauka da kaina. Zogala ce! Zogalar da Inna ke shanyawa bisa tabarma, wadda awaki ke sata. Sun rubuta "antioxydant" da manyan baƙaƙe. Can ƙasa, ƙanana kamar ƙwarƙwata: ƙarin abinci ne, ba magani ba.

Na buɗe baki gaban Kawu, na rufe. Haushin kaina nake ji.

Juma'a, 12 Janairu
Na kai ma Madam Mardiyya, ma'aikaciyar asibitinmu na Tamaske, kwalba ɗaya cikin hijabi. Ta ce ganyen yana da amfani a abinci, masana na bincike a kai, amma ba a ga ya warkar da daji ba. "Kumburin ba ya jira, Bushira. Ku tafi."

Lahadi, 14 Janairu
Inna ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura kallabi. Duk da haka tana haɗiye ƙwayar. Wai tsarabar ɗan cirani ba a raina ta, bare ta yaya. Ita za ta mutu don kada shi ya ji kunya?

Litinin, 15 Janairu
Na faɗa. Gaban Baba, gaban Kawu, suna shan shayi. Na karanta ƙananan baƙaƙen, na fassara. Kawu ya ce, "Ke da ko CM2, ajin ƙarshe na firamare, da ƙyar kika gama?" Na ce, "I, Kawu. Da ƙyar ɗin na karanta."

Babu mai yi mini magana.

Alhamis, 18 Janairu
Muna cikin motar Yamai, ni da Inna da Baba. Kawu ne ya ɗauko jakar Inna har tasha, idonshi ja. Ta taga ya miƙo mini takardun likita, ni, ba Baba ba. Ya ce, "Duk abin da suka rubuta, ki karanta mata. Har ƙananan."

Har yanzu ina fushi da shi. Ina jin haka dai.