Mun Zuba Wake, Ka Ce Gujiya

Zuwa ga mai girma Onorabul, tsohon ɗan majalisarmu, shugaban jam'iyya na gundumar Madarumfa.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyali, da fatan kowa yana lafiya, ya kuma aikin damina. Ban sa sunanka ba, ban sa na jam'iyya ba, domin duk mai karanta wannan takarda a gundumar nan ya san da wa nake. Ni ne Ishaya Mamman, wanda kake kira Baba Majo, tsohon ma'aikacin lafiya, sakataren jam'iyya na ƙauyuka bakwai a ƙaramar hukumar Sarkin Yamma. Tabon nan na goshinka ni na ɗinke shi, ranar da ka faɗo daga amalanken mahaifinka kana ɗan lakwal, wato ɗan makaranta. Na tuna maka ne don ka san ba maƙiyi ke magana ba.

Sau uku ina zuwa gidanka. Biyu aka ce ka tafi garin Ɗan Issa, na uku aka ce kana hutawa, ga shi ina jiyo dariyarka daga zaure. Shi ya sa na fito fili. Ba kujera nake nema ba, ba kwangila ba. Maganata ce na ara maka ka je ka ɓata ta, kuma da ita nake aiki.

Na ɗaya. Lokacin da mutum biyu suka fito neman jam'iyya ta tsayar da su takarar shugaban ƙasa, wato Dakta da tsohon Minista, an ce wannan karon sai an tambayi talakawa. Ga wanda bai sani ba, wakilan da za su zauna babban taro a Yamai iri biyu ne. Akwai waɗanda mu muke turawa, dole su kai abin da muka zaɓa. Akwai kuma manyan wakilai, tsofaffin ministoci da tsofaffin 'yan majalisa da shugabannin gundumomi, waɗanda kujerarsu ce ta ba su ƙuri'a, inda suka ga dama nan suke jefa ta. Kana cikin waɗannan.

Ka tara mu sakatarori a garkarka, lambun nan na bakin tafki, aka soya kifi, aka ci. Na faɗa maka gaskiya cewa mutanena ba za su fito ba, don sun ce duk abin da suka zaɓa manya ke juya shi a birni. Ka dafa ƙirji a gaban kowa ka ce inda Madarumfa ta faɗi nan ƙuri'arka za ta faɗi, ka ƙara da cewa, "Baba Majo, tahi ka hwaɗa musu, kai ba su musu da kai." Ka san abin da kake yi da ka zaɓe ni. Ni Kirista ne a cikin ƙauyukan Musulmi, ba ni da dangi a rigimar sarauta, ba ni da gona a kan iyakar kowa. Shekara talatin na yi ina duba su, ban taɓa ce wa yaro allura ba zafi ba alhali akwai zafi. Tun da na yi ritaya, ni ke shiga gaban masu rigakafin yara gida-gida, don in na ce babu cuta a ciki ana yarda. Ban da wannan yarda ba ni da wani jari.

Na biyu. Na bi ƙauyukan nan bakwai a kan tsohon babur ɗina, na maimaita alkawarinka kalma da kalma. Nomau, sarkin noman ƙauyen da ya fi kowane taurin kai, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Majo, mu mun gaji da a kai mu a baro. Amma tunda kai ka hwaɗi, za mu zo." Ya zo, ya kuma jawo gidansa duka, har da tsohuwarsa da aka ɗauko a jaki.

Yawancinsu ba su karatun boko, saboda haka muka yi yadda aka saba. Kowa aka ba shi ƙwayar wake guda da ƙwayar gujiya guda, wake na Dakta, gujiya ta Minista. Ya shiga bayan zana shi kaɗai, ya jefa guda a tulu, ya tafi da guda. Gab da shuka ne, kuma daga irin da suka ajiye aka ɗebo waɗannan ƙwayoyi. Aka juye tulun a kan tabarma da rana tsaka, a gaban liman da maigari da wakilan ɓangarorin biyu. Ƙauyuka biyar wake ya rinjaya, biyu gujiya. Aka rubuta, aka dangwala yatsa, ni da kaina na kai takardun biro ɗinka, wato ofishinka. Da aka haɗa na gunduma duka, har wa yau wake ne a gaba, kai ka karanto mana sakamakon da bakinka.

Na uku. Yanzu kowa ya san cewa a ƙasa baki ɗaya wakilan da aka zaɓa sun kusa yin kunnen doki, don haka ku manyan wakilai ku ne za ku raba gardama. Kullum sai mu ji wani babba ya fito ya ce ga inda ya dosa. Ranar kasuwa ina zaune wurin mai shayi, sai ga muryarka a rediyo, kana cewa kai da Madarumfa baki ɗaya kuna bayan tsohon Minista. Mutanen da ke kan bencin ba rediyon suka kalla ba, ni suka kalla. Kofin da ke hannuna ban iya ƙarasa shi ba.

Na karanta dokokin jam'iyya, na san sun ba ka damar zaɓen wanda kake so. Ban ce an saye ka ba, don ban gani ba, kuma ba na faɗin abin da ban gani ba. Mai yiwuwa kana da dalili, mai yiwuwa ma ka fi mu hangen nesa. To, me ya hana ka faɗa tun a bakin tafki? Da ka ce za a ji ra'ayinsu amma kai naka daban, da na kai musu haka, wanda zai zo ya zo. Sannan wa ya ba ka "baki ɗaya"? Ƙuri'arka taka ce, amma bakin Madarumfa ba naka ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da mutanenka ke yaɗawa, wai ƙauyawa sun jefa wake ne don su samu su cinye gujiyar. Haba, Onorabul! Mutumin da ya bar gyaran gona ya tako tun daga tungarsa, a ƙasar da gujiya ke cika rumbu, shi ne ƙwaya guda za ta saye? In abin dariya ne, a zo a yi shi a gabansu.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. Ranar Talatar da ta wuce na shiga gaban masu rigakafi kamar kullum. Da muka isa ƙofar Nomau ya fito, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi mutanen gida, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ce, "Majo, wancan karon ma cewa ka yi ka tabbata. Wanga magani, kai ka san abin da ke ciki, ko kai ma hwaɗa maka aka yi?" Jikokinsa shida suna leƙe ta bayan danga, ba wanda aka fito da shi. Maƙwabtansa biyu suka bi sahunsa. Na ga abin da ƙyanda ke yi wa gari, na riƙe yaran da ta kashe a hannuna. Kai a wurinka wannan lissafin babban taro ne. Ni tsoro nake ji, kuma kunya nake ji, a shekaruna.

Saboda haka ga roƙona.

Ka koma gidan rediyon nan ka faɗi abin da Madarumfa ta zaɓa, sannan ka faɗi naka in ya bambanta, kowanne da sunansa.

Ka cika alkawarin da ka yi a bakin tafki. In ba za ka iya ba, ka zo da ƙafarka ƙauyen Nomau kafin ka tafi Yamai, ka tsaya inda aka juye tulun, ka ce musu Majo bai yi ƙarya ba, kai ne ka sake shawara. Ba za su jefe ka ba. Mutanen nan suna yafe wa wanda ya dube su ido da ido.

Ka kuma kai shawara a babban taro cewa nan gaba manyan wakilai su riƙe bakinsu har sai an ji na talakawa, in kuwa ba za a bi ba, a daina wahalar da mutane da tambaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a hanyar Yamai, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ina yi maka addu'a a coci da sunanka, ban daina ba. Masu rigakafi za su sake zagayowa Talata ta sama, daga nan sai wani zagayen. Zan je in tsaya a ƙofar Nomau ko ka zo ko ba ka zo ba. Amma ni kaɗai ba za a fito mini da yaran ba.

Wassalam.

Naka,
Ishaya Mamman (Baba Majo)
Sarkin Yamma, gundumar Madarumfa