Kwalabe biyu cikin randar Inna

Daren Laraba, Goronyo

Yau saƙon da niy yi oda yaz zo. 'Yan kwalabe biyu na, masu hwarin gari, feftayid aka ce musu. Matar da nig gani a waya ta ce in an haɗa su allura guda, ɗaya ya kashe zahin jikin da Inna ka ji tun da al'adatta ta ɗauke, ɗaya ya gyara guiwa. Ni dai so nikai ta koma yin sujada, ta bar salla zaune.

Na ɗaure su cikin leda na sa randa don sanyi. Inna ta tsamo su, wai za ta kaɗa a kunu kamar garin magani!

Na kira Anti Hajo, nas ɗinmu ta Wurno. Tac ce, "Ke Balki, wa ya auna jinin Inna? Mi ac cikin kwalbar, kin sani? Kak ki soka mata. Gobe ku taho asibiti."

Sai nih hwashe da kuka. Inna ta miƙo min ƙahwahu. "Bari kuka, ɗiyata. Ɗauko man kaɗe, naki hannu na sani."

Tun ina murzawa tay yi kwana.