Muryar Da Ban Taɓa Ji Ba

Gaisuwa gare ka Edita, da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni kafin ku yanke mini hukunci. Na tsufa da zagi.

Shekara talatin na yi ina aikin jirgin ƙasa. Na zauna a Inugu, Ikko da Fatakwal, na leƙa Kumasi. Ban da yarenmu, ina jin Hausa, Ibo, Yarbanci da Turanci. Ba a Katolika aka haife ni ba, tunani ne ya kai ni. Duk garin da na sauka, na tarar da addu'a ɗaya, durƙuso ɗaya. A Inugu na ga Baturen da ke shugabantarmu ya durƙusa kusa da mai share masa ofis, a layi guda. Wannan ya hana ni sakat. Shekara biyu ina gardama da wani Fada, wato limamin Katolika, ina kawo tambaya yana ba ni littafi, har tambayoyina suka ƙare.

Da na yi ritaya na dawo Kafanchan bayan yaƙin basasa, Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya ce in ba masu koyon baftisma shaidar yadda na shiga Katolika. Na fara bayanin nan, sai hamma ta ko'ina. Wata tsohuwa ta ce, "Baba, duk wannan karatu ne. Me ka gani?" Kunya ta kama ni. Sai na ji bakina yana cewa wata rana da tsakar rana a tashar jirgin Kafanchan, murya ta kira sunana sau uku. Nan take aka ɗau waƙa! Tun daga ranar ake gayyatata har Zonkwa in maimaita. Ni da na yi shekara biyu ina auna kowace kalma, ƙaryar minti ɗaya ce ta yi mini suna. Wannan ba abin haushi ba ne?

Ga inda ta kai ni. Ƙanena a Manchok ya gama koyo shekara huɗu da suka wuce, ya haddace katikisim, littafin koyarwar Coci, fiye da ni, amma ya ƙi baftisma. Yana jiran tasa muryar. Ran kasuwa har tashar yake zuwa ya zauna. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likita bai ba mu ƙarfin gwiwa ba.

Na ce masa, "Kai, wauta ke nan! Ba ka gaskata ba?"

Ya ce, "Na gaskata mana, Yaya. Amma kai an kira ka. Ni zan shiga gidan mutum ba a ce mini shigo ba?"

Na kawo masa hujja cikin yare uku, ya yi dariya ya ce, "In hujja ta ishe ka, me ya sa Allah ya ɓata bakinsa?"

Na faɗa wa Fadan cocinmu a wurin ikirarin zunubi, ya ce in gyara abin da na ɓata. Da sauƙin faɗi! In na gaya masa gaskiya, mai yiwuwa ya ce duk sauran ma ƙarya ne, ya mutu yana fushi da ni da Cocin. In na yi shiru, zai mutu yana kasa kunne. Ista, lokacin da ake yi wa masu koyo baftisma, saura mako uku.

Jama'a, me zan yi?